Katin da Aka Datse wa Gefe

Tarihinmu na wannan mako na wani ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, amma kuɗinsa sun fi na gidan bene.

Tsakanin 1909 da 1911, kamfanin taba na American Tobacco Company a Amurka yana cusa katunan 'yan wasan besbol cikin kwalayen sigari. Ɗaya daga cikinsu na ɗauke da hoton Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh Pirates. Ba a jima ba aka daina buga nasa. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba saboda shi, wasu suka ce a kan kuɗi aka ɓata. Kaɗan ne dai suka fita, ƙarancin kuma ya zama tsada.

To, yaya ake ciniki a kan abin da ba a ci, ba a sawa? Mun san yadda ake yi a kara: mai saye ya duba haƙoran sa, ya taya, a ce albarka, dillali ya shiga tsakani har a sallama. Kati ba shi da haƙora. Abin dubawa shi ne kaifin kusurwoyinsa da tsabtar gefensa, kuma a nan ne ha'inci ya sami ƙofa.

A 1985 wani dillali, Bill Mastro, ya sayi wani katin Wagner kan dala 25,000, ya sayar a 1987 kan dala 110,000. A 1991 Wayne Gretzky, gwanin wasan hokin ƙanƙara, shi da Bruce McNall suka saye shi a gwanjon Sotheby's kan dala 451,000. Sabon kamfanin PSA, wanda aikinsa shi ne auna lafiyar kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, da wannan katin ya fara, ya ba shi 8. Sannu a hankali maki ya zama alƙalin kasuwa; mai saye da mai sayarwa suka rage gardama, kowa lamba yake kallo. A 2007 katin ya kai dala miliyan 2.8.

Sai a 2013 Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen katin don ya fito fes. Ya kuma amsa cewa a gwanjonsa ana tayin ƙarya don farashi ya hau. Aka ɗaure shi wata 20.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne kasuwar ko gezau. A 2021 wani katin Wagner daban, wanda makinsa 3 ne kacal, ya tashi kan dala miliyan 6.6.