Yadda Gida da Fili Suka Zama Jari a Tudun Jukun

A cikin birnin Zazzau, gida a da abin gado ne. Mutum kan samu wurin zama ta hanyar gado, ko kyauta daga sarki, ko aro, kuma karɓar kuɗin haya daga hannun baƙo abin kunya ne ga dattijo. Ko mai masauki da ke saukar da fatake, ribarsa tana cikin la'adar cinikin da ya ƙulla musu ne, ɗakin kwana kuwa kyauta. Gona ce aka fi sanyawa jingina idan buƙata ta taso.

A wajen ganuwa ne al'amarin ya fara sauyawa. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa Sabon Gari, sannan Tudun Wada ta biyo baya domin baƙi 'yan Arewa. Tudun Jukun, wadda ke maƙwabtaka da Tudun Wada da Tukur-Tukur, ta samu rabonta daga baya. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Kwalejin Barewa ta dawo Zariya a 1949, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ma'aikata da malamai da ɗalibai suka yawaita, masu albashi amma ba su da gidan uba a garin.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne mutanen unguwar ba su bi hanya ɗaya ba. Wani ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ya sayar, ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya. Wani ya killace tasa ya yi ta jira, wato ya mai da ita asusu. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai ya fasa bangon gidansa ta bakin titi ya fitar da shaguna biyu ko uku, ko ya jera ɗakuna ciki da falo a bayan gida, tun ana ginin ƙasa da azara har aka koma bulo da kwano. Kada a manta da mata. Da kuɗin adashi da na sayar da awaki, wasunsu sun mallaki filaye ba tare da hayaniya ba, sai ranar rabon gado ake jin labari.

Ni a ganina wanda ya sayar da gonarsa dungurungum shi ya fi kowa asara, domin kuɗi sun ƙare, darajar Naira ta faɗi tun daga 1986, fili kuwa yana nan yana ƙara tsada a hannun wani. Amma mai gidan haya ma bai kwana da ido biyu rufe ba. Da asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, ma'aikata da dama sun bi shi, haka kuma duk lokacin da malaman jami'a suka shiga yajin aiki, ɗakunan ɗalibai kan zauna wayam. Wanda ya haɗa shago da ɗakin haya da 'yar gona a gefen gari, shi ne ya fi jurewa.

Sai maganar takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, amma jama'a suka ci gaba da ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Tun da aka kafa hukumar KADGIS, ana neman kowa ya samu takardar shaidar mallaka. Gidan gado mai magada goma sha biyar kuwa, kafin a je ga hukuma, sai an fara zama a zaure an daidaita kan sunan wanda za a rubuta.