Sharaɗin Wata Shida: Medicare da Jinyar Ƙarshen Rayuwa a Amurka

A ranar 30 ga Yuli, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba hannu a kan dokar da ta kafa Medicare, asusun inshorar lafiya na gwamnatin Amurka domin waɗanda suka kai shekara 65. Asusun ya ɗauki nauyin gadon asibiti da aikin likita. Majinyacin da cutarsa ta gagari magani kuwa, ba a yi masa tanadi na musamman ba.

Gyara ya faro ne daga Ingila. A 1967, Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, inda aka mayar da hankali ga rage raɗaɗin ciwo da kwantar da hankalin majinyaci da iyalinsa. Florence Wald, tsohuwar shugabar makarantar koyon jinya ta Jami'ar Yale, ta jagoranci kafa irinsa a jihar Connecticut a 1974.

A 1982 Majalisar Dokokin Amurka ta amince Medicare ya riƙa biyan kuɗin wannan jinya, amma da sharaɗi biyu: likita ya tabbatar cewa kwanan majinyaci da wuya ya wuce wata shida, shi kuma majinyacin ya haƙura da maganin warkar da cutar. Masu dokar sun ɗauka taura biyu ba ta taunuwa. Sakamakon haka, iyalai da dama sukan jinkirta neman wannan kulawa har sai rai ya kusa halinsa, domin sa hannu a takardar tamkar yanke ƙauna ne.

Yunƙurin sassauta lamarin ya gamu da siyasa. A 2009 an kawo shawarar biyan likita ladan zama da majinyaci su tattauna irin kulawar da yake so a ƙarshen rayuwarsa. Sarah Palin ta kira abin kwamitin hukunta mutuwa, aka cire shi daga ƙudirin. Hukumar da ke tafiyar da Medicare, a ƙarƙashin Donald Berwick, ta dawo da shi a ƙarshen 2010, ta janye a Janairun 2011. Sai a Janairun 2016 aka fara biyan kuɗin.

A 2010, wani bincike a kan masu cutar dajin huhu 151 a Babban Asibitin Massachusetts ya nuna cewa waɗanda aka haɗa musu kulawar rage raɗaɗi da magani tun farko sun fi samun sauƙi, kuma matsakaicin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa 8.9. A shekarar ce doka ta ba yaran da ke ƙarƙashin Medicaid damar samun kulawar biyu lokaci guda. Dattawan Medicare kuwa, sharaɗin 1982 bai sake su ba, kuma warware shi na hannun Majalisa da shugabannin asusun.