Daren Da Muka Kalli Osibisa a Legas: Abin Da 'Yan Garinmu Suka Tuna Daga Festak 1977

Bisa al'ada, idan kwamitin wannan mujalla ya nemi gudummawarmu, mukan rubuta tarihin sarautun garinmu ne, ko na kafuwar makarantar firamare, ko na gadar da muka daɗe muna roƙon hukuma. A bana mun nemi afuwar edita domin mu ɗan kauce wa wannan turba. Dalili kuwa shi ne, a watan Janairun 2025, wani dare bayan isha'i, abokinmu tsohon jami'in kwastan ya bugo waya daga Kaduna, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Hedimasta, mai sarewa fa ya tafi." Yana nufin Teddy Osei, jagoran ƙungiyar makaɗa ta Osibisa, wanda ya rasu a Landan yana da shekara 87. Mu biyar ne 'yan garin nan da muka taɓa ganinsa ido da ido. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Mu ukun da muka rage muka ga gara a rubuta abin tun da sauran mai gyara wa wani.

'Ya'yanmu da ke birane za su so a fara gaya musu su waye mutanen. An kafa Osibisa a Landan a 1969. Ginshiƙanta mutanen Gana uku ne: Teddy Osei mai busa sarewa da saksofon, da ƙanensa Mac Tontoh mai busa ƙaho, dukkansu haifaffun Kumasi, sai Sol Amarfio mai ganguna. Tare da su akwai mutum uku daga tsibiran Karibiyan, wato Wendell Richardson na Antigua mai jita, da Robert Bailey na Tirinidad mai fiyano, da Spartacus R na Giranada, sannan ɗan Nijeriya guda, Lasisi Amao. Osei ya tafi Ingila tun 1962 domin koyon ilimin kiɗa, bayan ya yi suna a gida da hailaif. Abin da suka yi, wanda ba kowa ya yi tunaninsa ba a lokacin, shi ne ɗora jitar lantarki ta kiɗan rok na Turawa a kan gangunan Afirka ta Yamma, ba tare da sun bar jitar ta danne gangar ba. Faifansu na farko mai ɗauke da sunansu, da na biyu, Woyaya, duk sun fito a 1971, kuma Turawan Ingila sun saye su sosai. Har mawaƙin Amurka Art Garfunkel ya sake rera Woyaya a nasa faifan na 1973.

Mu dai ta kwalin faifan muka fara saninsu. Bayan an biya ma'aikata ariyas na Udoji a 1975, kusan duk wanda ya dawo gida hutun salla ya zo da rediyo ko keke ko babur. Yayan ɗaya daga cikinmu, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi garmaho mai batir ya sayo, da faifai shida. A jikin kwalin ɗaya akwai zanen giwa mai fikafikai tana shawagi, aikin wani Bature mai suna Roger Dean. Mun fi mako muna gardama a kan wannan giwa kafin a yarda mu taɓa allurar garmahon. A shagon samari muke jin faifan, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa, saboda bango guda ne tsakaninmu da zauren limamin unguwa.

A watan Satumban 1976 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka shiga neman malamai ruwa a jallo, kwalejojin horon malamai suka cika suka batse da 'ya'yan talakawa irinmu, ana ciyar da mu, ana kuma ba mu alawus. Muna cikin wannan hali aka yi Festak, bikin al'adun baƙaƙen fata na duniya karo na biyu, bayan na Dakar na 1966. An buɗe shi ranar 15 ga Janairun 1977, aka rufe ranar 12 ga Fabrairu, ƙasashe fiye da hamsin suka halarta. Yawancin ɗaliban Arewa da suka ga wani abu na bikin, hawan dabar Kaduna suka gani. Mu kuwa malamin da ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejinmu ya dage sai an kai yaransa Legas. Aka zaɓi ɗalibai cikin tarago guda, mu biyar muka dace.

Tafiyar ba sai mun tsawaita ba: Minna, gadar Jebba, Ilori, Ibadan, har tashar Iddo, ƙafafu a kumbure, garin rogo da ƙuli-ƙuli sun ƙare tun a hanya. Mun ga sabon babban ɗakin wasanni na Iganmu, mai siffar hular soja. Mun ga fuskar Sarauniya Idia ta Bini a kowane allo da kowace riga, wadda aka yi alamar bikin da ita, alhali ta asalin tana gidan tarihi na Landan, Turawa sun ƙi ba da ko aronta.

To, daren Osibisa. A nan ne aikin mai rubuta tarihi ya yi wuya, domin da muka zauna mu uku a ƙarshen shekarar da ta wuce, sai muka tarar kamar wasa uku daban-daban muka kalla. Tsohon jami'in kwastan ya rantse ya ga Lasisi Amao a kan dandamali. Mun nuna masa cewa Amao ya bar ƙungiyar shekaru kafin nan, ya shiga wata mai suna Zzebra; ɗan Nijeriyan da ke cikinsu a wancan zamani shi ne Mike Odumosu, wanda ya fito daga ƙungiyar BLO ta Legas. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ya ga Bayarabe. Na ukunmu, wanda ya yi ritaya yana sakataren ilimi, ya shekara arba'in yana gaya wa jikokinsa cewa Bob Marley ya fito a daren. Bob Marley bai zo Festak ba sam. A lokacin yana Landan bayan harbin da aka yi masa a Jamaika a Disambar 1976, kuma sai a 1980 ya yi wasa a Afirka, a Gabon da Zimbabuwe. Mu kanmu ba mu tsira ba, don mun daɗe muna ganin wata babbar giwa mai fikafikai a bayan makaɗan, amma abokan biyu sun ce giwar nan daga shagon samari muka ɗauko ta muka kai Legas.

Abin da ba mu saɓa a kansa ba ko kaɗan shi ne farkon wasan. Ganguna ne suka fara, su kaɗai, na tsawon lokaci. Mun saba jin su ta ƙaramar lasifikar garmaho, wadda ke mayar da kowace ganga kamar ana buga gwangwani. Ranar muka ji su a ƙirji da tafin ƙafa. Sai ƙahoni suka shigo gaba ɗaya, sai jita. Akwai wani saurayi siriri a kan fiyanon lantarki, Kiki Gyan, wanda bai girme mu da komai ba, yatsunsa ba sa ganuwa. Da aka zo Sunshine Day, wadda ta yi tashe a 1976, babu wanda ya rage a zaune, har malaminmu, mutumin da ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba a aji. Da aka zo Woyaya kuwa taron ne ya karɓe waƙar, mutanen Gana da Amurka da Birazil da Kongo, kowa da irin lafazinsa. Marigayi babban cikinmu, wanda ya tafi yana cika baki cewa shi kallo kawai zai yi don ya san ɗan gidan da yake, sai ga shi ya tuɓe hula yana juyi. Har ya bar duniya bai yafe mana tuna masa wannan ba.

A jirgin dawowa, wajen Mokwa, shi marigayin ya faɗi maganar da ta sa muka ga wannan labari ya cancanci shafin tarihi. Ya ce shi fa bai ji wani sabon abu a gangunan ba. Irin amon da ya ji, ya san shi tun yana goye, a gangar noma ranar gayya da kalangun mahauta ranar kasuwa. Muka yi masa ca, don mun ɗauka raini ne ga mutanen Landan. Daga baya muka gane yabo ne, kuma tuhuma ce a kanmu. Mun yi kwana biyu a tarago, mun kashe alawus ɗin wata, domin mu tafa wa makaɗan da Turawa suka fara tafa wa, alhali sarkin makaɗan garinmu, wanda ya san kirarin kowane gida da take na kowane manomi, ko tabarma ɗaya ba ma zama da shi, kuma ba mai ba ɗansa aure sai makaɗi ɗan'uwansa. Sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, kuma mun tuna yadda wasu 'yan boko suka yi ta gunaguni. Namu sarkin makaɗan ya rasu ba a ɗauki muryarsa ko a kaset guda ba, ga mu kuwa da rikoda a ɗakunanmu muna naɗar faya-fayan Osibisa. A wannan ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Da muka dawo gida hutu, mun ba iyaye labarin teku da gadoji da dogayen benaye, muka haɗiye na daren kiɗan. Malamin makaranta a ƙauye a wancan zamani da mutuncinsa yake cin abinci. A ce an gan shi yana rawa a Ikko, ya isa uba ya janye 'yarsa daga aji, mu kuwa lokacin gida-gida muke bi muna lallashi a ba mu yara. Haka muka yi shekara talatin da biyar muna aiki, ba ɗalibi ɗaya da ya ji wannan daga bakinmu. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi, da ke Abuja da Kano da Fatakwal, sun sha bulalarmu a kan zuwa kallon wasan kalangu da dare. Muna iya hango dariyarsu.

Kwana shida bayan rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairun 1977, sojoji suka ƙone gidan Fela Anikulapo-Kuti, wanda ya ƙaurace wa Festak ya riƙa nasa wasan a Shrine. A rediyon ɗakin kwanan ɗalibai muka ji, muka kalli juna, domin a motar da ta kai mu masauki an nuna mana unguwar. Makaɗan da muka gani kuwa sun bi juna: Kiki Gyan a 2004, bayan miyagun ƙwayoyi sun cinye dukiyarsa da lafiyarsa, Mac Tontoh a 2010, Sol Amarfio a 2022, sai Osei.

Faifan mai giwa yana nan. Iyalan marigayi ma'aikacin jirgin ƙasa sun same shi cikin akwatin ƙarfe, kwalin ya ci gara ta gefe guda, suka kawo mana. Mun miƙa shi ga sakataren ƙungiya domin a ajiye a ɗakin karatu na gari. Garmahon ne ba a samu ba. An ce tun a shekarun 1980 wani yaro ya kwance shi yana neman mutanen da ke ciki.