Himma da Ƴan'uwanta: Tarihin Hukumar NORLA da Jaridun Larduna

Tsakanin Kance da Daura babu wata doguwar tafiya. Wanda ya bi ta Matamaye ya ƙetare iyaka a Ɗan Barto, kafin rana ta take yana cikin Daura. Harshe ɗaya ne, kasuwanni ɗaya, ga auratayya tun kaka da kakanni. Amma a shekarun 1950 akwai abin da talakan Daura yake da shi wanda ɗan'uwansa na Kance bai samu ba, wato jaridar lardinsa da aka rubuta da harshen da yake magana da shi a gida. Sunanta Himma, ta lardin Katsina, wanda ƙasar Daura ke cikinsa a lokacin. A ɓangarenmu na Nijar kuwa Faransa ba ta bar Hausa ta shiga lakwal ba, balle a buga jarida da ita. Wanda ya iya rubutu a Kance, ko dai almajiri ne mai ajami, ko ɗaya daga cikin ƴan tsirarun da suka koyi Faransanci.

Himma ba daga sama ta faɗo ba. Tushenta yana Zariya. A 1929 Turawan Ingila suka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a 1933 a hannun Dokta Rupert East. Gasar da aka yi a waccan shekara ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. A watan Janairu na 1939, yaƙin duniya na biyu yana ƙaratowa, jita-jita ta cika kasuwanni, sai aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo guda, Abubakar Imam yana editan Hausa. Gwamnati tana son ta isar da nata bayani ga jama'a, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Sai dai Imam ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, kuma ta nan jaridar ta zama ta mutane: malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa suka samu wurin faɗin damuwarsu har sarakuna su ji. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da ke Zariya, da injinan ɗab'i nasa na kansa.

Duk da haka Gaskiya jaridar waɗanda suka riga suka yi nisa a karatu ce. Da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yake cikin manyan jagororinsa, sai aka tarar da wata matsala. Magidanci ya yi watanni yana zuwa ajin yamma, ya iya haɗa baƙi da wasali, ya karɓi takardar shaida, ya koma gida bai da abin karantawa. Bayan damina ɗaya ko biyu karatun ya gudu. Don toshe wannan ɓaraka aka kafa hukumar adabi ta Jihar Arewa, wadda kowa ya fi sani da NORLA, ta kama aiki gadan-gadan a Zariya a 1954.

Ta buga ƙananan littattafai masu arha a kan noma da kiwon lafiya da addini da tarihi da waƙoƙi. Amma a ganina babban abin da ta yi shi ne ba kowane lardi jaridarsa. Katsina ta samu Himma, Kano Sodangi, Sakkwato Zaruma, Zariya Bazazzaga, Bauchi Zumunta, Filato Gamzaki, lardin Neja Haske, Adamawa Ardo, Barno Albishir. Ba a tsaya ga Hausa kaɗai ba, an yi wa Tibi da Yarabawan Ilori nasu da harsunansu. Kuma ba a raina ajami ba, domin an san masu karanta shi sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba, sai aka ba shi fili a wasu daga cikin jaridun.

Ya kamata a tsaya a dubi hikimar wannan tsari. Sabon mai karatu ba ya ɗaukar takarda don ya ji abin da majalisar Ingila ta yanke. Abin da zai sa ya daure ya bi layi harafi bayan harafi shi ne sunan garinsu, naɗin dagacinsu, rijiyar da aka haƙa, farashin gyaɗa, ranar da mai allurar shanu zai iso. In ya ga sunan wani da ya sani a ƙarƙashin wasiƙa, gobe shi ma zai nemi fensir. Kuma takarda ɗaya ba mutum ɗaya take yi wa aiki ba. A zaure ko a gindin bishiya ake karanta ta da ƙarfi, goma suna saurare, daga nan ta wuce wani gida har ta yage. Wannan shi ne amfaninta ga jama'a, shi ne kuma ciwonta wajen kuɗi: masu ji da yawa, mai saye ɗaya. Ba a kafa waɗannan jaridu don riba ba, kuma babu yadda za a yi su kawo ta. Takarda daga waje ake shigo da ita, hanyoyin ƙauye ba su biyuwa da damina, ƴan kasuwar da za su biya kuɗin talla suna birni, ba ruwansu da manomin da bai da abin saye.

A 1959 aka rufe NORLA, aka mayar da ayyukanta ga Kamfanin Gaskiya. Neil Skinner, wanda ya yi aiki a cikinta, ya rubuta tarihinta daga baya ya kira ta gwaji. Gwajin bai wuce shekara biyar ko shida ba. Ɓangaren littattafai ya samu magaji a 1966, lokacin da Gaskiya da kamfanin Macmillan suka haɗu suka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC, domin littafin makaranta yana da kasuwa. Jaridun larduna ba su samu mai ɗaukar su ba, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin kuskuren yana wurin ma'aunin da aka gwada su da shi. An duba littafin shiga da fitar kuɗi aka ga giɓi, ba a lissafa dattijon da karatunsa bai gudu ba saboda a kowace fitowa yana da abin dubawa. Ba wanda ke tambayar rijiyar gari nawa ta kawo a shekara, amma an yi wa jarida wannan tambaya.

Irin wannan aiki ya ƙetaro zuwa Nijar bayan samun ƴancin kai a 1960. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen ƙauye ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo. A shekara mai bi ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fara aiki da taimakon UNESCO, kuma taron Bamako na 1966 ya daidaita yadda za a rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. Ƙasar Matamaye da ta Magarya suna cikin wuraren farko da aka gwada aikin raya karkara da sabon tsarin ƙungiyoyin manoma na UNCC, inda manoma da kansu suka karɓi awon gyaɗa da rubuta lissafinta a kasuwa. Nan karatu ya zama abin kare aljihu: wanda ya iya karanta sikeli da takardar awo, ba a cutarsa. Daga wannan buƙata jaridun karkara suka fito, Ganga da Sabon Ra'ayi da wasu ƙanana da ofisoshin yaƙi da jahilci na jihohi ke bugawa da injin juyawa na hannu. Su ma halin ƴan'uwansu na Arewa suka shiga. Muddin akwai wani shiri mai kuɗi a bayansu suna fitowa, ranar da shirin ya ƙare takarda da tawada su ƙare.

Da aka buɗe fagen jaridu masu zaman kansu a 1990, na farkonsu, Haske ta Ibrahim Cheick Diop, da Anfani da ta biyo baya, sun ɗauki sunayen Hausa amma da Faransanci ake rubuta su, a Yamai kuma ake karanta mafi yawansu. Gurbin da jaridar karkara ta bari, rediyon al'umma ne ya cike shi, tun daga wadda aka buɗe a Bankilare a ƙarshen shekarun 1990 har suka bazu a duk faɗin ƙasa. Rediyo ya yi aiki babba, ba mai musun haka. Sai dai abin da aka faɗa da safe ba a iya komawa gare shi da yamma, kuma ba ya riƙe wa ɗalibin ajin manya karatunsa.

Nijar ta kafa asusun tallafa wa kafofin watsa labarai, ta kuma keɓe ranar ƴancin ƴan jarida ta ƙasa, 30 ga Nuwamba. Abin da nake so a gani shi ne a ware wani kaso na wannan tallafi musamman ga takardun da ƙungiyoyin gari ke bugawa da harsunan ƙasa ba don riba ba, a daina auna su da ma'aunin jaridun babban birni. Bugun ya yi sauƙi yanzu: kwamfuta ɗaya da injin kwafi sun isa a fitar da shafi huɗu a wata, boko a gaba, ajami a baya, a aika hotonsa ta WhatsApp ga ƴan Kance da ke ci-rani a Kano da Agadas da Aljeriya. Abin da NORLA da Ganga suka rasa shi ne kuɗin da aka rubuta a kasafi shekara bayan shekara, kuma ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin manoma da gidan rediyon gari suna iya raba wannan nauyi a tsakaninsu tun kafin a buga fitowa ta farko.