Lasisin da ke ƙarƙashin shafin rajista: daga Geneva zuwa Dutsin-Ma

A shekarar 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya guda tara, aka ajiye ɗaya a Dutsin-Ma. Jami'ar ta buɗe ido ne a lokacin da takarda ke janyewa daga ofisoshin ilimi. Zuwa 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a shekarar ce aka tilasta wa hukumomin tarayya zuba kuɗaɗen shigarsu a asusun bai-ɗaya ta hanyar Remita. Ɗalibin da ya fito daga Kurfi mai maƙwabtaka, kafin ya taka harabar jami'a, sai ya fara ratsa shafukan intanet: neman gurbi, biyan kuɗi, rajistar darussa.

Kowane irin wannan shafi yana tsaye ne a kan abubuwa biyu. Akwai rumbun bayanai, inda ake adana sunaye da maki da shaidar biyan kuɗi. Akwai kuma uwar garke, wadda 'yan sana'ar ke kira saba: manhajar da ke karɓar buƙatar mai shiga, ta miƙa ta ga shirin da zai tambayi rumbun, sannan ta dawo da amsa. Wace uwar garke za a ɗora, kuma bisa wane lasisi? An fara wannan muhawara tun kusan shekara ashirin kafin a kafa jami'ar, kuma sau da yawa takardar lasisi ce ta raba gardama, ba saurin manhaja ba.

A 1990 Tim Berners-Lee ya rubuta uwar garke ta farko a cibiyar bincike ta CERN da ke Geneva. Tsarin nasa yana da babban kishiya mai suna Gopher, na Jami'ar Minnesota a Amurka, wanda ya fi shi farin jini a lokacin. A watan Fabrairun 1993 jami'ar ta sanar da cewa 'yan kasuwa za su riƙa biyan kuɗin lasisi. Ranar 30 ga Afrilun shekarar, CERN ta saki nata tsarin kyauta ga kowa. Masu gina manhajoji suka koma inda ba a jiran su da rasit, Gopher kuma ya dusashe.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A 1995 wasu masu kula da shafuka suka tattara gyare-gyaren da suka yi wa uwar garken cibiyar NCSA, suka fitar da Apache, wadda ta zama kan gaba a duniya a 1996. Microsoft ma ya fito da tasa, mai suna IIS, a matsayin gyara ga wanda ya sayi Windows NT. Amma gyaran yana da igiya. A 1996 kamfanin ya sa wa nau'in NT mai araha iyakar mahaɗa goma; da aka yi masa ca, sai ya cire shingen daga cikin manhajar, ya bar shi a rubuce cikin lasisi. Na'urar tana iya ɗaukar jama'a, takarda ce ta hana. Wanda ke son buɗe shafi ga duniya sai ya sayi nau'in mai tsada.

Rumbun bayanai ma haka tarihinsa yake. MySQL ya fito daga Suwidin a 1995, ya koma ƙarƙashin lasisin GPL a 2000. Haɗuwarsa da Linux da Apache da harshen PHP ta ba ƙananan hukumomi damar gina cikakken shafi ba tare da biyan ko kwabo na lasisi ba. Sai kamfanin Sun ya saye shi a 2008 kan kimanin dala biliyan ɗaya, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Ganin inda aka dosa, Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, ya ɗauki kwafin manhajar ya ci gaba da ita da sunan MariaDB. Lasisin ne ya halatta masa haka: an sayar da suna da kamfani, amma ba a iya ƙwace abin da aka riga aka ba jama'a ba.

A ɗaya ɓangaren, tun daga fitowar SQL Server 2012, Microsoft ya koma lissafin babban lasisinsa da yawan ƙwayoyin sarrafawa da ke cikin na'ura. Ma'ana, jami'ar da ta ƙara wa na'urarta ƙarfi domin cunkoson makon rajista, kuɗin lasisinta ma zai ƙaru. Farashin kuma bin dala yake yi. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a farkon 2024. Duk hukumar da ke karɓar naira tana biyan lasisin dala ta ji a jikinta.

Sai dai kyauta ma tana da nata kuɗin goro. A watan Disambar 2020 kamfanin Red Hat ya sanar da cewa zai daina kula da CentOS 8 a ƙarshen 2021, maimakon 2029 da aka yi alkawari, dubban hukumomin da suka ɗora shafukansu a kansa suka shiga neman mafaka. Manhajar da ba a saya ba, ba ta zuwa da wanda za a kira in ta tsaya da tsakar dare. Kuɗin da aka tsira da shi daga lasisi yana komawa ne ga albashi da horon injiniyan da zai riƙa toshe ɓaraka da kwafe bayanai, kuma riƙe irin wannan ma'aikaci a garin da ke nesa da Legas da Abuja aiki ne babba.

Doka ta ƙara nata sharaɗin. Ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 sun buƙaci hukumomin gwamnati su ajiye bayanansu a cikin ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ɗora alhakin tsaron bayanan mutane a kan wanda ya tattara su. Saboda haka, majalisar kowace makaranta, daga jami'ar tarayya zuwa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke garin, in ɗan kwangila ya kawo mata shafi mai kyan gani, tarihin nan ya bar mata tambayoyi uku: da sunan wa aka yanki lasisin, da wane kuɗi za a sabunta shi, kuma ranar da aka raba gari, za a iya kwashe makin ɗalibai zuwa wani rumbun ba tare da neman izinin kowa ba?