Ciyarwa bayan saki a Adar, daga 1962 zuwa yau

Masu saurarenmu na Madawa, Buza da Keita, tun 1962 dokar tsarin shari'a ta Nijar ta bar aure da saki hannun al'ada. A nan Adar al'adar Malikiyya take bi: miji ya ciyar da mace a iddar sakin kome, uba ya ciyar da 'ya'yansa. An nemi kafa kundin iyali a 1993, aka sake a 2011, ƙungiyoyin addini suka ƙi. Masu gudun nauyi kuwa dabararsu tsohuwa ce: wani ya ƙuntata wa mace har ta nemi kul'i ta maido sadaki, wani ya tafi ekzod Abijan, shiru kake ji. Kul'i yana yanke abincin idda in ba ciki, amma shi kaɗai bai sauke wa uba nauyin yara ba. Uwa, ki kai ƙara fadar sarki, in sulhu ya ƙi, sai jastis.