Rubutun almara a duniyar wasan tebur: marubuci a gonar aro

A shagunan littattafai na Amurka da Turai akwai rukunin ƙagaggun labarai na tsafi da dodanni waɗanda ba marubutansu ne suka ƙirƙiri duniyar da labarin ke gudana a ciki ba. Duniyar ta wani wasa ce da ake yi a kan tebur, kamfanin wasan ne kuma ke ɗaukar marubuci ya rubuta masa littafi a cikinta.

Mafi shahara cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara, kamfanin TSR na jihar Wiskonsin ya fitar a 1974. Mutum huɗu ko biyar kan zauna, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ko mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Mutum ɗaya, wato jagoran wasa, shi ke bayyana musu inda suke da abin da ya tunkaro su. Idan ɗan wasa ya ce zai kai sara, sai ya jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai wannan fuska 20 gare ta, lambar da ta fito ita ke yanke hukuncin ko ya samu ko ya kuskure. Saboda wasan na buƙatar fage, kamfanin ya riƙa wallafa taswirori da tarihin masarautu na ƙage da jerin halittu da dokokin tsafi. Wannan shi ake kira duniyar wasa.

Andre Norton ce ta fara rubuta littafin labari a irin wannan duniya, Quag Keep, a 1978. Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a 1984, da TSR ta fitar da Dragons of Autumn Twilight na Margaret Weis da Tracy Hickman, littafin farko a jerin Dragonlance. Dukansu ma'aikatan kamfanin ne, ita editar littattafai, shi mai tsara wasa. An riga an ɗauko wani marubuci daga waje, aikinsa bai gamsar ba, su biyun suka karɓa.

Littafin nasu na farko ya nuna babbar matsalar wannan sana'a. Ya bi sawun kashi biyu na farko na wasan kusan taki bayan taki, don haka jaruman suka yi yawa, faɗa ya yi yawa, daga wannan kango sai wancan kurkuku. A kan tebur hakan daɗi ne, domin kowane ɗan wasa na jiran nasa juyin, ƙwayar kuma na iya juya lamari a kowane lokaci. Mai karatu kuwa ba ya jifa da hannunsa. Abin da yake nema shi ne dalili, da sanin abin da jarumi zai rasa idan ya faɗi. Daga littafi na biyu, Dragons of Winter Night na 1985, marubutan suka sha gaban wasan, suka raba jaruman gida biyu, suka kashe Sturm, ɗaya daga cikin waɗanda masu karatu suka fi so. A nan ne jerin ya tsaya da ƙafafunsa.

Dokokin wasan ma kan zama ƙaya. A tsohuwar ƙa'idar Dungeons & Dragons, matsafi na haddace tsafinsa kowace rana, da zarar ya yi amfani da ɗaya sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa. An sa dokar ne don kada matsafi ya fi sauran 'yan wasa ƙarfi. Marubuci ba shi da ikon sokewa, domin masu karatunsa sun san ta ciki da bai. Abin da Weis da Hickman suka yi da Raistlin, matsafin nan mai tari da raunin jiki, shi ne mayar da dokar ta zama wahala: kowane tsafi na cin ƙarfinsa, kowane dare yana duƙe kan littafinsa. Muryarsa ta raɗa kuwa daga tebur ta fito, wajen Terry Phillips da ya buga matsayin lokacin gwajin wasan.

Sai batun mallaka, wanda duk ɗan kasuwa zai gane. Galibi aikin kwangila ne: marubuci na karɓar kuɗinsa, amma jaruman da ya ƙirƙira na kamfani ne. Ed Greenwood ya sayar wa TSR duniyarsa ta Forgotten Realms, aka fitar da ita a 1987. A cikinta R. A. Salvatore ya rubuta The Crystal Shard a 1988, inda ya kawo Drizzt Do'Urden, ɗan wani jinsi mai zama a ƙarƙashin ƙasa da ya guje wa muguntar danginsa. A matsayin abokin tafiyar jarumin littafin aka sa shi, sai ya shafe jarumin, ya ci gaba da fitowa a littattafai fiye da 30. Duk da haka, da kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya sabunta wasan a 2008, sai ya tura tarihin duniyar gaba da kimanin shekara 100. Drizzt mai tsawon rai ne, amma abokansa 'yan Adam ba za su kai ba. Sai a The Companions na 2013 Salvatore ya samu hanyar dawo da su, ta sake haihuwarsu.

Weis da Hickman su ma sun ɗanɗana. A Oktoban 2020 sun kai Wizards of the Coast kotu kan dakatar da sabbin littattafan Dragonlance uku da aka yi yarjejeniya a kansu. Sun janye ƙarar a Disambar shekarar, littafin farko, Dragons of Deceit, ya fito a 2022.

Akwai waɗanda suka kauce wa wannan tarko ta hanyar rubutu a duniyar da su ko abokansu suka gina wa nasu wasan. Magician na Raymond Feist, na 1982, daga teburin abokansa a San Diego ya samo asali. A Japan kuma, Record of Lodoss War ya fara ne a 1986 a matsayin rahoton zaman wasa a mujallar Comptiq, kafin Ryo Mizuno ya mayar da shi littattafan labari daga 1988.